Katin Zama na Mai Saƙar Waya

Ban taɓa ganin ruwan da ba shi da tsallake ba sai ranar da na sauka Nuwakshot, babban birnin Muritaniya. Direban da ya ɗauko mu daga filin jirgi ya biya da mu bakin teku zai sayi kifi, ni kuwa na tsaya ina neman gaɓar can da ido, ban same ta ba. Abokin tafiyata Agali, Buzu mutumin Tama, ya daɗe yana kallo kafin ya ce, "Illa, wanga ruwa kam ba mu tare shi."

Tare ruwa ita ce sana'armu. Ni mutumin wani ƙauye ne kusa da Keita, a yankin Adar na ƙasar Nijar. Uwata tana cikin matan da suka ɗauki dutse a ka lokacin da furoje, wato shirin raya karkara, ya zo gyaran ƙasa, kuma a nan na koyi saƙar gabiyo, wato akwatin waya da ake cikawa da duwatsu a jera shi a bakin ƙorama, ruwa ya rage gudu, ƙasa ta kwanta, rijiyoyi su samu. Ni gwanin saƙa ne da jeri. Agali ya girme ni da shekara bakwai, shi kuma gwanin karanta ruwa ne: ya dubi ƙorama busasshiya ya gaya maka inda za ta ci gaɓa bana. Wani injiniya ɗan Muritaniya mai suna Sidi ya ga aikinmu a kwarin Buza, da kamfaninsu ya samu aikin madatsai a ƙasarsu sai ya aiko mana da kwantaragi da tikiti. Muka shiga da biza ta wata uku. Sidi ya ce sauran takardu aikin sati biyu ne.

Takardun biyu ne. Akwai izinin aiki, wanda ofishin ma'aikata ke bayarwa, akwai kuma katin zama, wanda ake karɓa a ofishin baƙi. Muka je na farko, aka ce mu kawo shaidar cewa muna zaune bisa ƙa'ida. Muka je na biyu, aka ce mu kawo shaidar cewa an yarda mu yi aiki. Na ɗauka faransancina na lakwal, wato makarantar boko, ne ya gaza, don aji shida na tsaya, sai na sake tambaya. Amsar ba ta sake ba. Abin bai ba ni haushi ba a lokacin, mamaki ya ba ni. Na ce a raina, ai dole akwai wanda ya taɓa shiga gidan nan, to ta wace ƙofa?

Wani mai walda ɗan Sanagal da muke layi tare shi ya nuna mana ƙofar. Akwai wata 'yar takarda da ake ce wa resepise, wadda ke cewa kawai an karɓi takardunka ana dubawa. Ba ta ce an yarda ba, ba ta ce an ƙi ba, amma da ita kake buɗe ɗaya ofishin. Ya ce shekararsa huɗu a garin, kuma rabin zamansa a kan irin wannan 'yar takarda ya yi shi.

Layin nan makaranta ne. Tun da hantsi muke zuwa mu zauna a inuwar katanga, masu shayi suna zagayawa da ƙananan kofuna, kumfa ya fi shayin yawa. Na ga likitan haƙori ɗan Siriya, na ga malaman lakwal 'yan Kwaddibuwa, na ga wata mata 'yar Maroko mai gyaran injin sanyi, da tabon mai a farce. Na lura Sinawa masu jiragen kamun kifi ba sa zuwa da kansu. Wani mutum mai jaka ke zuwa musu da fasfo tuli, ya shiga ta gefe, ya fito kafin shayinmu ya huce. Kowa a layin an kira shi ƙwararre a takarda, kuma kowa na riƙe da ambulan a ƙirji kamar mai jiran sakamakon asibiti. Ni dai tambaya nake ta yi: kai me kake yi, a ƙasarku nawa ake jira, me suka ce maka? Har Agali ya ce in ba a ba ni aikin gabiyo ba, in nemi na ɗan jarida.

Da aka zo kanmu, aka lissafo abin da za mu kawo: foto, takardar likita, takardar kotu mai cewa ba mu taɓa laifi ba, kwantaragi, sai diplom, wato takardar shaidar gama makaranta. Doka ta ce ba a ba baƙo aiki sai in ƙwararre ne a abin da ba a samu ɗan ƙasa ya iya ba, kuma ƙwarewa diplom ke nuna ta. Ni ba ni da shi. Agali ko lakwal bai shiga ba. Na nuna wa ma'aikacin tafin hannuna da waya ta yi wa zane, ya duba da ladabi ya ce ba shi da inda zai manna wannan. Sidi kuma ya riga ya tafi shantiye, wurin aikin, tafiyar kwana biyu, waya ba ta samunsa sai jefi-jefi.

A satin nan kewar gida ta kama ni. Kullum shinkafa da kifi, safe da rana, har tufafinmu suna ƙarni. Ni da na tashi da fura, cikina ya ƙi yarda cewa ya ci abinci. Ana cikin haka wata rana a bakin ofis na ji an ce a bayana, "Sannunku da rana, mutanen Adar." Na juya kamar an kira sunan uwata. Wani mutum ne mai ƙiba, da farar shadda da tabarau. Ya ce sunansa Alhaji Mamman, daga wajen Madawa, ya daɗe a garin yana taimakon 'yan uwa. Ya kai mu gidansa, matarsa ta dama mana fura da nono na gaske. Ban ɓoye ba, da na kai ludayi baki sai da idona ya kawo ruwa.

Bayan mun sha ya ce, "Diplom shi ad damuwarku? Ɗan uwa, wanga ba komi ba ne. Aikin kun iya shi ko ba ku iya ba?"

Muka ce mun iya.

"To ina ƙarya a nan? Takarda dai za ta hwaɗi abin da ke akwai."

Maganar ta zauna mini daram, watakila don furar tana cikina. Muka biya shi abin da ya nema. Bayan kwana uku ya kawo mana takardu biyu masu kauri, da zanen zinariya a gefe da jan tambari. Tawa ta ce ni babban ma'aikacin gine-ginen ruwa ne. Na karanta wa Agali tasa, ya ce, "Ashe haka nike, ba a hwaɗa mini ba."

Matar da ke taga ta uku a ofishin ma'aikata ba yarinya ba ce, tana lulluɓe da mayafinsu mai shuɗi, da tabarau a kan hanci. Ta karɓi ambulan ɗin Agali, ta karɓi nawa, ta shimfiɗa diplom biyun gefe da gefe. Ta daɗe tana kallo. Sannan ta juyo da su wajena, ta sa bakin biro a kusurwar ɗaya, ta sa a kusurwar ɗayan. Lambarsu ɗaya ce, harafi da harafi.

Ta tambaye ni da faransanci a hankali, "A wace shekara ka gama wannan makaranta?"

Na duba takardar in ga abin da aka rubuta. Da na lissafa, a shekarar da aka rubuta ina da shekara tara ke nan. Na san abin da ke biyo bayan takardar jabu: ɗan sanda, mota, iyaka, da tambarin da zai hana ka dawowa. Na tuna na sallami aikin da nake yi a gida, na tuna 'yata Hadiza da aka karɓa a makarantar ungozoma a birnin Tawa bisa ƙarfin wannan tafiya. Na ce, "Madam, ban taɓa shiga makarantar nan ba. Saye na yi. Amma aikin na iya shi."

Ta dube ni ta saman tabarau. Ta ninke takardun biyu, ta turo mini su ta ƙarƙashin taga. "Ba ka ba ni waɗannan ba, ni ma ban gan su ba. Ka kai su inda babu mai ganinsu." Sannan ta yagi gefen wata takarda ta rubuta suna. Ta ce akwai hanyar da mutane ba su sani ba don ba ta da sauri: wanda ba shi da diplom, insifekta na iya gwada shi da idonsa ya rubuta shaida. Ta ce mu hau bene mu nemi insifektan, Mushe Sal, wato Malam Sal a bakin masu faransanci.

Da muka fito, Alhaji Mamman yana bakin ƙofa yana gaisawa da wasu sababbin baƙi. Ban yi faɗa ba, so nake in sani. Na ce, "Alhaji, don Allah ƙaƙa anka yi lambar ta zama guda?" Ya ce, ko kunya babu, "Ai laihinku ne da kunka shiga tare. Da ɗaya ya tahi yau, ɗaya gobe." Ya tambaye mu ko za mu zo cin tuwo ran Juma'a.

Mushe Sal Bafulatani ne dogo, furfura ta cinye kansa. Na gaishe shi da 'yar fulatancin da na tsinta a kasuwar Keita, ya yi dariya ya ce fulatancina na masu sayen nono ne. Bai taɓa jin sana'ar saƙar gabiyo ba. Ya buɗe wani babban littafi na sunayen sana'o'i, ya bi da yatsa: magini, maƙeri, masaƙi, mai haƙar rijiya. Ba mu ciki. Abin ya ja hankalinsa kamar yadda nasu ya ja nawa. Ya sa aka kawo waya da kaya ɗaya na duwatsu a filin ajiyar kamfani, ya zo da kujerarsa ya zauna. Na kafa turaku, na saƙa akwati ɗaya, ina murɗa waya sau biyu a kowane ido don in ɗaya ta tsinke saura su riƙe. Muka jera duwatsu, masu faɗi a fuska, ƙanana a ciki, muka ɗaure ciki da ciki don kada ya yi tumbi. Agali ya zuba yashi a ƙasa ya yi ƙorama da yatsa, ya kwarara ruwan buta, ya nuna masa yadda ruwa ke zagaye madatsa in ba a cusa fukafukanta cikin gaɓa ba. Mushe Sal ya tashi ya hau kan akwatin, ya yi tsalle sau biyu, da babbar rigarsa da komai. Bai motsa ba. Ya rubuta mana shaida mu biyu.

Amma ya ce akwai sharaɗi, kuma ya so in ji shi da kyau. Izinin na shekara ɗaya ne, ana sabuntawa. Kuma duk baƙon da aka ba, dole ya koya wa ɗan ƙasa, har ranar da ɗan ƙasar zai tsaya da kansa. "Ranar nan," in ji shi, "izininka ya gama aikinsa." Na ce to. Wanda yake neman shiga ba ya tunanin fita.

Agali bai samu katin zama ba. Ba don aiki ba, don suna. A fasfo an rubuta Aghali, a takardar haihuwa Agali, a takardar kotu Ghali, kuma wajen ranar haihuwa an ce wajajen shekara kaza. Injin ofishin baƙi ya ɗauke shi mutum uku, kuma ba ya karɓar wajajen. Aka ce sai an gyara daga gida. Muka yi ta waya Buza, inda aka yi takardunsa, ɗan'uwansa yana kai da kawo, har bizar ta ƙare. Ranar da zai koma ya zana mini a bayan ambulan yadda zan gane inda ruwa zai ci, ya ce, "Dubi inda itace ya karkata, Illa. Itace ba shi ƙarya. Ni na tahi in gano wane ne ni cikin ukun." Ya yi dariya, amma bai waiwayo ba. Kamfani bai sake aiko masa da tikiti ba. Shi ne ya fi ni sani, ni aka bari.

Ni kuwa resepise ta riƙe ni har katina ya fito bayan wata biyar, ɗan roba da bai kai tafin hannu ba. Da shi na kama hanyar gabas. A kowane shinge jandarma ya karɓa, ya dubi foto, ya dube ni, wani ya tambaya ina ne Nijar, wani ya ce ya taɓa cin kilishinmu. Kwana biyu muna tafiya, rairayi ya ba duwatsu wuri, sai ga tsaunuka baƙaƙe masu shimfiɗaɗɗen kai da kwari a ƙarƙashinsu, da dabino maimakon gawo. Na ce wa direba ya tsaya. Wallahi kamar an ɗauko Adar an ajiye a nan, an cire mata gero.

Mutanen ƙauyen suka riƙa kirana Mu'allim. Na ji daɗi, na ɗauka malam suke nufi. Sai daga baya na gane a wurinsu sunan dangin maƙera ne da masu aikin fata, waɗanda ba a ba su aure a manyan gidaje. Wadda ta fassara mini ita ce Aminatu, wata gwauruwa mai 'ya'ya huɗu, mijinta ya rasu, ita kanta daga wannan dangi take. Ta ce, "Tunda hannu kake ci da shi, kai namu ne." Kamfani ya ba ni maza uku in koya musu. Ɗaya ya tafi birni, ɗaya ya ce waya na yanka hannu, ɗaya yana zuwa ran da ya ga dama. Aminatu kuwa an ɗauke ta ne ɗaukar dutse. Amma ita masaƙiyar tabarma ce ta kara da zaren fata, kuma na lura duk lokacin hutu tana tsugune tana kallon yatsuna. Ran nan na miƙa mata waya. Idon saƙarta na farko ya fi nawa na shekarar fari kyau. Na sa Sidi ya rubuta sunanta a takardar a matsayin wadda nake koya wa.

Ni ma na koya a wurinsu. Na koyi larabcinsu har ina ciniki, na koyi shan madara da ruwa da sukari a madadin fura, na koyi cewa ba a tashi daga wurin shayi kafin kofi na uku. Damina ta farko ruwa ya zo sau biyu tak, amma ya zo da hauka. Madatsa huɗu suka tsaya, ta biyar ruwa ya zagaye ta, daidai inda Agali zai hana ni kafawa. Da shekara ta cika Mushe Sal ya zo, ya sa Aminatu ta saƙa, ta yi kuskure wajen ɗaurin ciki, akwatin ya yi tumbi. Aka sabunta mini izini.

Shekara ta biyu na ga hannunta ya wuce nawa. Sauri, tsafta, ga ido. Kafin Mushe Sal ya dawo, Sidi ya ja ni gefe ya ce kamfani na so in ƙara shekara, in an tambaye ni in ce da saura. Ni ma ina so. Hadiza saura mata shekara ɗaya, kuma a gida ba aikin da ke jirana. Sai dai na san abin da kalmar za ta yi: muddin da saura, Aminatu lebura ce a takarda, da ladan lebura, kuma ba za a ba ta shaidar da za ta riƙe shantiye da ita ba.

Mushe Sal ya zo da hantsi, ya ƙara tsufa, yana dogara sanda. Bai ce ta saƙa ba wannan karon. Ya zauna a kan madatsa, ya buɗe takardarsa a gwiwa, ya ce, "Mushe Illa, kai zan tambaya. Ta iya, ko da saura?"

Aminatu tana nesa kaɗan tana warware waya, ta ba mu baya. Sidi yana kallon takalminsa. Na so in ce da saura kaɗan. Kalmar ta zo har bakina. Amma madatsar da tsohon ke zaune a kai Aminatu ce ta yi ta daga tushe har sama, ina kwance da zazzaɓi.

Na ce, "Ta iya. Wadda kake zaune a kai ma aikinta ce."

Ya ce, "Ka san abin da zan rubuta."

"Na sani."

Ya rubuta. Aka ba ni wata biyu in tattara. Sidi bai yi mini magana ba har kwana uku. Aminatu ma ba ta ce na gode ba, fuskarta a ɗaure, har na fara tunanin ko na yi mata laifi.

Ranar da zan tafi, mota tana jira, ta ce in zo in ga wani abu. Ta kai ni madatsa ta biyu, wadda na yi da hannuna a watannin farko. Ta tsuguna a gindin fiffiken hagu, ta share yashi. Ɗaurin da ke wurin ba nawa ba ne. Nawa murɗi biyu ne, wannan uku ne, an kitse bakinsa kamar gefen tabarma.

Ta ce, "Naka ya saki tun ruwan farko. Na kwance na sake."

Na lissafa. Ruwan farko ya riga zuwan Mushe Sal na bara da wata uku. Na ce, "To akwatin da ya yi tumbi a gabansa fa?"

Ta mayar da yashin da tafin hannu, ta daddaɓe shi. "Ka ce 'yarka tana karatu, Mu'allim. Bana ma da ya sa ni saƙa, da akwatin ya sake yin tumbi. Kai ne ka yi saurin baki."

Direba ya danna oda. Ta miƙe ta kakkaɓe mayafinta, ta ce in gaida Hadiza, ta juya wajen matan da ke jiranta da waya a hannu.